Sana'ar Wankin Kafet: Ana Ciniki, Uwar Kuɗi Na Zurarewa

Duk wanda ya ratsa wasu unguwanni na Legas ko Abuja ana saura mako biyu a ɗauki azumi, zai ga an shanya kafet da dardumai iri-iri a kan katangu da rumfuna, samari na ta kai da kawowa da bokiti da buroshi, ƙarar janareta kuma ta cika wuri. Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa masu wannan sana'a sun tsinci dami a kala. Amma in ya komo bayan shekara biyu ko uku ya nemi waɗannan wurare, sau da yawa sai ya tarar an rufe wasu, wasu sun koma wankin mota, wasu kuwa injinsu na nan jingine a lungu ya mutu, an rasa kuɗin tayar da shi.

Kwanan baya na zauna da wani matashi mai irin wannan sana'a a yankin Agege, ya buɗe mini littafin da yake rubuta cinikinsa. Littafin tsaf yake. Kowace rana yakan rubuta abin da ya shigo, ya cire kuɗin mai da na sabulu da na ruwa da sallamar yaransa biyu, abin da ya saura ya kira shi riba. Da na tambaye shi inda yake rubuta kuɗin injin da ke yin aikin, sai ya ce ai ya gama da wannan tun ranar da ya saye shi. A ganina wannan amsa ita ce tushen matsalar da ta fi kashe ƙananan wuraren wankin kafet a ƙasar nan. Ana yawan kuka da ƙarancin jari da rashin wuta da tsadar ruwa, kuma duk gaskiya ne. Sai dai abin da ke tara su wuri guda har su zama ajalin sana'ar shi ne farashi. Mai wanki bai san haƙiƙanin abin da wanke kafet guda ke ci masa ba, saboda haka yakan yanka farashin da bai kai kuɗin aikin ba, ya yi ta cin uwar kuɗinsa yana tsammanin riba yake ci.

Bari mu fara da injin. Wankin kafet na zamani ya dogara ne a kan inji mai fesa ruwan sabulu cikin gashin kafet, ya kuma zuƙe shi tare da dauɗa nan take. Tare da shi akwai injin zuƙe ƙura, da mai buroshi mai juyawa domin manyan shimfiɗu, da fanka mai ƙarfi ta busarwa. Daga ƙasashen waje ake shigo da waɗannan kaya, kamar su Kärcher na Jamus da Numatic na Ingila da ire-irensu masu rahusa na ƙasar Sin, ko sababbi ko na hannu. Haka ma kayan gyaransu, tun daga koyil da famfo har zuwa tiyo. Watau da dala ake lissafin kuɗin inji, alhali kuwa mai wanki da Naira ake biyansa.

Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji ya sakar wa Naira mara, ana canza dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuwa, inda ƙananan 'yan kasuwa ke sayen tasu, kimanin Naira 750. Zuwa watan Fabrairun 2024 dala ta haura Naira 1,500. To, a ɗauka, alal misali, mutum ya sayi injin dala 1,000 a farkon 2023, watau Naira 750,000, kuma injin zai yi masa aikin kwana 200 a shekara har shekara uku kafin ya gaji. Kwana 600 ke nan. Kowace ranar aiki injin na cin Naira 1,250 daga darajarsa, ko an rubuta a littafi ko ba a rubuta ba. Daɗin daɗawa, ranar da ya mutu ba a tsohon farashi za a sayar wa mai shi da wani ba. In dala na kan Naira 1,500, sabon inji Naira miliyan ɗaya da rabi ne, abin da ya kamata a riƙa ajiyewa kullum kuma ya zama Naira 2,500. Wanda ya yi tanadi bisa tsohon farashi rabin inji ya tara. Wanda bai ajiye komai ba kuwa, ranar da injin ya tsaya ita ce ranar da sana'arsa ta tsaya, ko da kuwa layin masu kawo wanki ya kai bakin titi.

Inji ba ya tashi sai da wuta, nan ma lissafi ya canza sarai cikin 'yan shekarun nan. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma kusan Naira 500, kana ta haura Naira 1,000 a watan Oktoban 2024, kuma ba ta sake komawa ko kusa da tsohon farashinta ba. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar kula da harkokin wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kowane yunit. Mai wankin kafet yana tsaka mai wuya a nan. In wurinsa na unguwar da ake samun wuta sosai, zai biya da tsada, ga kuma hayar irin waɗannan unguwanni. In yana inda wuta ba ta zama, janareta ce madogararsa, ita kuma ban da mai tana shan baƙin mai, tana bukatar makanike, tana kuma tsufa kamar yadda injin wanki ke tsufa. Sau da yawa ma dole ya ɗauke ta ya tafi da ita gidan mai kafet, domin ba zai yiwu a ɗauke wuta aiki na tsaka, a bar falon mutane jiƙe sharkaf ba.

Ruwa ma saye ake yi. A yawancin unguwannin Legas da garuruwan da ke kewaye da Abuja, wanda ba shi da rijiyar burtsatse sai ya dogara ga 'yan ga-ruwa ko tankar ruwa, wanda ke da ita kuma sai ya ƙona mai kafin ruwan ya hau tanki. Ɗauraya ita ce ta fi cin ruwa, ita ce kuma wurin da mai son rage kashe kuɗi yakan fara yin ƙwauro, abin da za mu ga illarsa nan gaba. Bayan an gama kuma sai a nemi inda za a zubar da ruwan dauɗa, domin malalar da shi a kan titi na jawo rigima da maƙwabta da jami'an tsabtace muhalli.

Amma abin da masu shiga sana'ar suka fi raina wa hankali, alhali ya fi komai ƙayyade yawan aikin da za su iya yi, shi ne busarwa. Wanke kafet ɗin falo aikin awa ɗaya ne ko biyu, bushewarsa kuwa kan ɗauki yini ko kwanaki, gwargwadon kaurinsa da yanayin gari. Masana lafiyar gidaje sun daɗe da bayyana cewa kayan da suka zauna da laima na kwana ɗaya zuwa biyu sukan fara yin funfuna, in kuwa wari ya kama kafet to sai an sake wanki, a kan kuɗin mai wanki. A Kano ko Sakkwato lokacin hunturu, iska busasshiya kan yi wa mutum wannan aiki kyauta, sai dai ya yi hattara da ƙurar da take ɗauke da ita. A Legas da Fatakwal a watan Yuni da Yuli kuwa, ana iya yin kwanaki ba a ga rana sosai ba, iskar kanta cike take da laima. Saboda haka wurin da zai iya wanke kafet goma a yini, amma filin shanyarsa na huɗu ne kacal, a gaskiya wurin kafet huɗu ne, kuma a kan huɗun nan ya kamata ya raba kuɗin haya da albashi. Kwanakin da kafet ya yi a rataye kuɗi ne, tun da ya tare wurin da wani zai shiga.

Haka nan sana'ar tana da kaka da rani irin nata. Aiki kan yi yawa gabanin azumi, lokacin da masallatai ke wanke shimfiɗunsu, da gabanin sallar azumi da ta layya, da kuma watan Disamba mai yawan bukukuwa da tarurruka. A tsakani sai kasuwa ta yi sanyi, amma haya da albashi ba sa yin sanyi. Akwai kuma wani abu da ya kamata mai lissafi ya lura da shi. Watannin Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2012 da 2013 azumi ya kama ne a watan Yuli, tsakiyar damina, a 2025 kuwa ya kama a farkon Maris, ana cikin rani, amma babbar sallar wannan shekara ta faɗo a farkon Yuni, daidai lokacin da ruwa ya fi sauka a Legas. Ke nan lokacin da aiki ya fi yawa zai iya haɗuwa da lokacin da busarwa ta fi wuya, kuma wanda ya karɓi kayan mutane fiye da abin da zai iya busarwa kafin ranar idi ya sayi rigima da kuɗinsa.

Sai batun jigila. Kafet kaya ne mai nauyi da cin wuri, ba a ɗaukarsa a kan babur. Masu kafet mai tsada suna zaune ne a Ikoyi da Lekki, ko Maitama da Asokoro, masu wanki kuwa inda haya ke da sauƙi suke samun fili, kamar Agege ko Nyanya ko Kubwa. A ɗauko, a mayar, tafiya biyu ke nan da a-kori-kura, a cikin cunkoson da kan cinye rabin yini. Da yawa daga cikin ƙananan masu sana'ar kan yi alkawarin ɗauka da kawowa kyauta domin jawo masu ciniki, ba tare da sun zauna sun auna cewa kuɗin motar kaɗai zai iya lashe ribar aikin ba.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya hana mai wanki ya tara duk waɗannan ya ɗora a kan farashi? Abin da ya hana shi yana bakin titi: yaran wurin wankin mota da ke shimfiɗa kafet a kan siminti, su zuba masa omo, su dirje shi da buroshi mai tauri, su watsa ruwa, su karɓi rabin kuɗinsa ko ƙasa da haka. Ba su da inji, ba su da haya ta musamman. Ranar da aka kawo wa mai kafet kayansa, da nasu da na mai inji duk fes suke a ido. Bambancin sai bayan makonni yake bayyana, domin sabulun da ba a ɗauraye ba yakan bushe a cikin gashin kafet ya riƙa kama ƙura, har kafet ya fi dā saurin yin dauɗa, buroshi mai tauri kuma yana kashe gashin. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin irin wannan hali a 1970 da misalin kasuwar motoci na hannu, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001 tare da wasu masana biyu. Abin da ya nuna shi ne, in mai saye ba zai iya bambance mai kyau da marar kyau lokacin ciniki ba, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, a hankali sai marar kyau ya kori mai kyau daga kasuwa. Wannan shi ne ke faruwa a wankin kafet. Mai inji yana sauko da farashinsa domin ya yi gogayya da mai bokiti, alhali kuɗin da suke kashewa ba ɗaya ba ne.

Kasuwar kanta kuma ta sauya fasali. A shekarun 1980 da 1990 alamar gidan mai hali da ofishin babban ma'aikaci ita ce kafet da aka malale ɗaki da shi bango zuwa bango. Yau yawancin sababbin gidaje tayil ake sa musu, a jefa ƙaramin kafet a tsakiyar falo, wanda mai gida zai iya naɗewa ya sa a bayan mota. Manyan shimfiɗu sun koma hannun otal-otal da ɗakunan taro da masallatai da majami'u da wasu ofisoshi. Dogaro ga waɗannan kaɗai kuma yana da nasa haɗarin, kamar yadda aka gani a 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja daga ƙarshen watan Maris saboda annobar korona, aka rufe wuraren taro da na ibada, aiki ya tsaya cak.

Akwai kuma nauyin amana, wanda shi ma kuɗi ne ko da ba a ganinsa. Tela ko mai wanki da guga in ya ɓata kaya, riga ɗaya ce. Mai wankin kafet kuwa yakan karɓi aikin 'yan dubbai a kan kayan da darajarsa ta ninka ladansa sau ashirin ko talatin. Kuma kafet iri-iri ne. Yawancin waɗanda ke kasuwa, ko na gida ko waɗanda ake saƙawa da inji a birnin Gaziantep na Turkiyya, da zaren roba ake yin su. Suna jure ruwa, amma suna riƙe maiƙo, zafi mai yawa kuma na iya narkar da su. Na ulu, watau gashin tumaki, irin waɗanda alhazai kan sayo, ba sa son sabulu mai ƙarfi, ruwan bilic kuwa cinye su yake yi. Wasu kuma bayansu zaren rama ne irin na buhu, in ya sha ruwa da yawa sai ya tsuke, ko ya tura wani jan tabo zuwa saman kafet. Wasu rininsu na zuba, ja ya shiga cikin fari. Yaron da bai san wannan ba zai iya jawo wa ubangidansa asarar ribar wata uku cikin minti goma. Sa'an nan ga tsohon tabo ko ƙunar turaren wuta da mai kafet bai taɓa lura da su ba sai bayan an wanke, ya rantse a wurin wanki aka yi su. In babu shaida, mai wanki ne zai biya, ko da kuɗi ko da sunansa.

Wannan ya kawo mu ga ma'aikata. Koyar da yaro ya gane irin zare, ya san gwargwadon sabulu, ya iya riƙe inji ba tare da ya ƙona shi ba, yana ɗaukar watanni. Ana kuma shigar da shi har cikin ɗakunan mutane, saboda haka sai amintacce. Da zarar ya ƙware, ya san gidajen masu ciniki, sai ya ga ai shi ma zai iya, ya nemi injin haya ya riƙa zagayawa da rangwame. Riƙe shi sai da albashi mai kyau, ga shi kuwa tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama Naira 70,000. Ko da yake dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ita ce ma'aunin da kowane ma'aikaci ke auna kansa da ita, musamman a biranen da kuɗin mota kaɗai ke cin kaso mai yawa na abin da ake samu.

Daga nan sai bashi. Babban burin ƙaramin mai wanki shi ne ya sami kwangilar otal ko ofis. In ya samu, zai sayi mai da sabulu da kuɗinsa, ya biya yara a ranar, sa'an nan ya miƙa takardar neman biya ya koma yana sintiri. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024, bisa ga ƙididdigar hukumar NBS, jira asara ce tsagwaronta. A irin wannan gudu, Naira 500,000 da aka riƙe wa mutum wata shida za ta dawo masa ne da ƙarfin sayen abin da bai wuce na Naira 430,000 ba. Ke nan ƙaramin ɗan kasuwa ya ba babban kamfani rancen da babu ruwa, shi kuwa in ya je banki neman cike giɓin, ya tarar Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamban 2024, abin da bankunan kasuwanci ke ɗorawa kuma sama da haka yake. A gefe guda ga masu karɓar kuɗaɗen shiga na ƙaramar hukuma da na jiha, wannan ya zo da takardar izinin wurin sana'a, wancan da ta allon talla, wani da ta shara, ga na kan hanya da ke tare motar kaya.

Ba abin mamaki ba ne da binciken haɗin gwiwa na hukumomin SMEDAN da NBS ya nuna cewa yawan ƙanana da matsakaitan sana'o'i a ƙasar nan ya ragu daga miliyan 41.5 a 2017 zuwa miliyan 39.6 a binciken da ya biyo bayan annobar korona. Wankin kafet ɗigo ne a cikin wannan teku, amma ciwon da ke damunsa shi ne ke damun mai injin niƙa da mai walda da mai wankin mota, watau duk wanda jarinsa ke cikin ƙarfen da aka shigo da shi daga waje.

To, ina mafita? Mai wanki ba shi da iko a kan farashin dala ko na fetur, amma yana da iko a kan littafinsa. Mataki na farko shi ne ya daina yanka farashi da ido. Ya riƙe tef ya auna, ya san cewa falo mai tsawon mita biyar da faɗin mita huɗu murabba'in mita 20 ne, ya kuma san abin da kowane murabba'i ke ci masa bayan ya haɗa mai da ruwa da sabulu da lada da haya da kason inji. Kason injin nan ya riƙa cire shi kullum ya sa a asusu dabam, bisa farashin sabon inji na yau, ya kuma riƙa duba farashin a kasuwa lokaci-lokaci. Kuɗin jigila ya tsaya da kansa a kan rasit, gwargwadon nisa. Aikin gaggawa na jajiberin salla da aikin tsakiyar damina su ma su kasance da nasu farashi, tun da suna cin fanka da mai fiye da na sauran lokuta.

Na biyu, kada kafet ya shiga hannunsa sai an duba shi tare da mai shi, an ɗauki hotonsa da waya gaba da baya, an rubuta tabo da yagewar da ke jiki, an gwada sabulu a wani ɗan lungu a ga ko rini zai zuba. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya mayar da shi, wannan ya fi masa alheri. Na uku, duk kwangilar da ta wuce ƙarfin aljihunsa ya nemi kuɗin kafin alƙalami da zai ɗauki nauyin kayan aiki, a kuma rubuta ranar biyan cikon. Otal ɗin da ya ƙi wannan sharaɗi, rasa shi ba asara ba ce. Na huɗu, injin da ke wanke kafet shi ne ke wanke kujerun falo da katifu da kujerun mota, saboda haka babu dalilin barinsa ya kwana kwance a watannin da kasuwa ta yi sanyi, domin kowane ƙarin aiki na rage nauyin haya da albashi a kan sauran. Kafin a ƙara sayen inji na biyu kuma, a fara duba rumfar shanya mai rufi da fankoki, domin a can ne aiki ke cushewa.

Game da jari, akwai ƙofofin da da yawa ba su san da su ba. Tun 2016 Babban Banki ya buɗe rajistar jinginar kadarorin da ake iya ɗauka, aka kuma kafa mata doka a 2017, abin da ya ba da damar a jinginar da inji ko mota maimakon takardar fili. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da tsarin sayen kayan aiki su sayar wa mutum a biya sannu a hankali. Amma babu bankin da zai saurari wanda ba shi da rajistar sunan sana'a a hukumar CAC, ba shi da asusun da ke nuna shige da ficen kuɗinsa. Nan ma littafi ne mabuɗi. Ya kamata kuma masu sana'ar a kowane gari su haɗa kai, su riƙa sarin sabulu da kayan gyara tare, su yi magana da murya ɗaya a gaban ƙananan hukumomi domin a haɗe musu kuɗaɗen da ake karɓa a takarda guda. Hukumar SMEDAN kuwa, in tana son taimakon da zai daɗe, koya wa irin waɗannan matasa lissafin kuɗin aiki zai fi musu amfani da rabon injin da zai mutu bayan shekara uku ba a bar komai a madadinsa ba.

Na san za a ce duk wanda ya ɗaga farashi masu ciniki za su gudu. Lalle wasu za su gudu, kuma su ne waɗanda dama ake yi wa aiki a kan asara. Waɗanda za su tsaya sai an ba su dalili, dalilin kuwa shi ne a nuna musu abin da ido ba ya gani ranar ciniki. A nuna wa mai gida baƙin ruwan da inji ya zuƙo daga kafet ɗin da yake gani kamar mai tsabta, a faɗa masa ranar da za a kawo masa kayansa a kuma cika, a yi masa alkawarin cewa in wari ya tashi cikin mako guda za a sake wankewa ba da ko kwabo ba. Mai bokiti ba zai iya ɗaukar wannan alkawari ba. Su ma masu ba da wanki, musamman shugabannin kwamitocin masallatai da manajojin otal da ke karanta wannan shafi, yana da kyau su tuna cewa araha ba ta ado. Shimfiɗar da aka kashe miliyoyi aka saya, in aka rage mata shekara biyu na amfani saboda neman rangwamen 'yan dubbai, ba a yi tattali ba.

Shi kuwa matashin nan na Agege, kafin mu rabu mun ƙara layi ɗaya a littafinsa, muka sake lissafin watan da ya gabata. Ribar da yake alfahari da ita ta ragu ƙwarai, har ya yi shiru na ɗan lokaci yana kallon takardar. Injin nasa ya shiga shekara ta biyu, saboda haka yana da sauran lokacin da zai tara kuɗin wani, in ya fara daga wannan wata.